Ƙusa a Bangon Haya

Yayata ba ta iya ƙarya ba, wannan ko a gaban wa zan faɗa. Abin da ta iya shi ne shiru, kuma na ga shirun nata ya yi ɓarnar da ƙaton maƙaryaci ba zai iya ba. A gida Yaya Shiru muke ce mata. Tun tana ƙarama, idan aka yi mata tambaya mai nauyi sai ta sunkuyar da kai ta yi ɗan murmushi, mai tambaya ya zaɓi amsar da ta yi masa daɗi ya tafi da abarsa. Ni kuwa Allah bai yi wa bakina murfi ba, shi ya sa duk faɗan gidanmu a kaina ya ƙare, ita ta tashi da sunan mai hankali.

Babanmu kafinta ne, shagonsa a jikin gida yake, ƙofarsa tana kallon titi. Mutum ne da ba ya iya ganin abu yana rawa ya ƙyale. Mun sha jin kunya a gidajen mutane, ana cikin gaisuwa yana girgiza ƙafar kujerar da aka ba shi, kafin mu tashi ya ce wa mai gida ya aiko masa da ita. Kuma ba ya karɓar maganar kowa sai ya gwada da kansa. Mai sayar da katako ya rantse masa cewa ya bushe, sai ya ƙwanƙwasa ya kara kunne. Ni in ce masa na kulle ƙofar baya, sai ya tashi ya je ya taɓa kwaɗon. Mutum ɗaya ce a duniya maganarta take wucewa a wurinsa ba bincike, ita ce Yaya. Ba ta taɓa yin alfahari da wannan yardar ba, amma ita kaɗai ce abin da na san tana tsoron rasawa.

Yaya tana makarantar sakandare Ummanmu ta samu shanyewar ɓarin jiki. Ni lokacin ba ni da wayon komai sai kuka da neman abinci. Yaya ce ke miƙar mata da hannu safe da yamma, yatsa bayan yatsa, yadda aka nuna mata a asibiti. Umma ta rayu har ta koma riƙe cokali da kanta kafin Allah Ya karɓi abarsa. Tun daga nan Yaya ta san aikin da za ta yi, wato gashin ƙashi, koya wa jikin da ya ƙage ko ya shanye yadda zai sake motsi. Ranar da ta shiga makarantar koyon aikin Baba ya fara kiranta Likita. Ta san ita ba likita ba ce, duk abokan karatunta ma sun sani, amma ta sunkuyar da kai ta yi murmushi, sunan ya zauna.

Ta yi shekaru a babban asibitin gari, a can ta yi aure, a can ta haifi 'ya'yanta. Na sha kai mata saƙo wurin aiki in zauna ina kallo. Hannayenta ƙanana ne, amma idan ta kama kafaɗar ƙato sai ka ji yana neman afuwa. Haƙurinta kuwa ni ciwon kai yake ba ni. Na taɓa ganinta da wani tsoho da ke koyon saka maɓallin rigarsa, ya kama ya kuɓuce, ya kama ya kuɓuce, har na ji kamar in tashi in saka masa kowa ya huta. Ita ko a jikinta, tana zaune ta harɗe hannu don kada su kai masa ɗauki ba ta sani ba. Da maɓallin ya shiga, tsohon ya yi ta dariya kamar an ba shi mota.

Sai aka yi rage ma'aikata, abin ya rutsa da ita. Ba wanda ta gaya wa sai mijinta. Da ta zo wurin Baba, iyakar abin da ta iya fitarwa shi ne ta bar babban asibiti. Baba ya ajiye zarto, fuskarsa ta washe, ya tambaye ta ko nata za ta buɗe. Ta sunkuyar da kai, shi kuma ya ɗauki amsarsa.

Ga gaskiyar yadda abin yake, wadda ni ma sai daga baya na sani. Akwai wata likita mai ƙaramin asibitin kanta a wani gida da aka gyara. Falo ya zama wurin jira, da kujerun roba, da talabijin da ba a taɓa ƙara masa murya ba, da kantar mai yankar kati, sai dogon lungu da ɗakuna a jere. Ɗakin ƙarshe, maƙwabcin banɗaki, likitar ba ta da abin yi da shi, sai take ba da shi haya ga masu aikin lafiya da ba su da wurin kansu. Da safe na wani mai gwajin kunne ne. Daga tsakar rana zuwa yamma na Yaya ne, da kuma ranar hutun mako da asibitin yake rufe, shi ya sa aka ba ta makullin ƙofar waje. Babban sharaɗin shi ne yadda ka samu ɗakin haka za ka bar shi. Ba fenti, ba liƙa takarda, ba buga ƙusa. A jikin ƙofar akwai ɗan gurbi da ake zura kati mai suna, mai fita ya zare nasa, mai shiga ya zura nasa.

Don haka duk asibitin Yaya a cikin akwati ɗaya mai taya yake: mayukan shafawa, robobin ja, ƙwallo, tawul, abin ɗumama jiki, da takardar shaidar karatunta a cikin gilashi. Kullum ta jawo shi, in mai safe bai gama ba ta tsaya a lungu tare da marasa lafiyarta, su a kan benci, ita a tsaye riƙe da hannun akwati. In ya fita ta baje kayanta, ta jingina takardar a bakin taga. Da yamma ta tattara, ta share ɗakin, ta zare sunanta ta saka a jaka. Babu abin kunya a cikin wannan, na faɗa kuma zan sake faɗa. Ana shigo da mutane ɗakin nan a ɗauke, bayan wani lokaci su riƙa zuwa da ƙafarsu. Amma ita a ganinta, mace mai shekaru a aiki ta koma jan akwati kamar mai talla, faɗuwa ce, kuma ba za ta iya ɗaukar faɗuwar ta kai gaban Baba ba.

Baba ya matsa sai ya ga wuri. Ta zaɓi ranar hutu ta kai mu. Har yau ina yi mata uzuri cewa don kada mu takura wa marasa lafiya ne, kuma har yau ban gama yarda da uzurin ba. Baba ya sa rigarsa mafi kyau, ya goge takalmi, ya wanke hannu har sai da jan man katako ya fita daga farcensa. Da muka isa ta ciro makulli daga jakarta ta buɗe ƙofar waje, wannan kaɗai ya gama da mu. Ba kowa a ciki. Baba ya bi ɗakunan, wanda yake buɗe ya leƙa, wanda yake kulle ya shafa ƙofarsa. Ya dawo tsakiyar wurin jira ya juyo.

"Likita, duk wannan?"

Ina tsaye kusa da ita, na ga leɓenta ya motsa, na rantse akwai magana a kai. Kafin ta fito Baba ya zauna a kujerar roba ya rufe fuska da tafin hannu. Rabona da ganin hawayensa tun rasuwar Umma. Ya ce da ma tana raye ta ga inda hannun da ya miƙar mata da yatsu ya kai. Maganar da ke leɓen Yaya ta koma ciki.

Da muka isa ɗakinta na ƙarshen lungu, ni ce na tambayi abin da zai sa mai wuri ta zauna kusa da banɗaki. Baba ne ya ba ni amsa, ya ce halinta ke nan, ta bar wa ma'aikatanta manyan ɗakuna, ni ma in koyi wani abu. Sannan idonsa na kafinta ya fara aiki. Ya ga takarda jingine a taga, ya yi ƙaramin tsaki. Ya tambayi abin da masu koyon tafiya suke dafawa, ta ce bayan kujera, ko kafaɗarta. Ya ƙwanƙwasa bangon, ya auna shi da taku, muka fito.

Kafin mako ya zagayo duk layinmu an ji. Amininsa Mai Aski ya ɗauki labarin, kuma abin da ya shiga shagon Mai Aski ya shiga gari. Baba da yabo yake yi wa wuya ya koma ba ya gama ciniki bai sako asibitin 'yarsa ba. Mai tari, mai zazzaɓi, mai ciwon ciki, duk can yake tura su, su ce shi ya aiko su. Yaya ta koma mai tsaron ƙofa. Ta tare su tun a waje, ta raka su wurin Mai Kati, ta ce abokiyar aikinta ce za ta duba su, don ita ɓangaren ƙashi take. Wannan ita ce magana mafi kusa da ƙarya da ta taɓa yi, kuma ita ma in ka duba ba ƙarya ba ce. Waɗanda suka je da safe ba ta nan kuwa sun dawo suna cewa ma'aikatan nata ba su san mutane ba, an ambaci sunan Baba sun yi kamar ba su taɓa ji ba. Baba ya ɗauki wannan ya ajiye a ransa.

Ta rame, wuyanta ya fito. Mijinta ya yi ta ce mata ta faɗa tun abin yana ƙarami, ta ce tana jiran lokacin da ya dace. Sau ɗaya ta gwada. Ta zo shago ta zauna a kan buhun dusar katako, ta ce tana da magana a kan asibitin. Baba ya ce ai ya sani, labari ya iso masa, riƙon ma'aikata ba wasa ba ne. Ya daɗe yana ba ta shawarar yadda ake yi da masu girman kai, ya ce sanyin halinta ne yake sa su raina ta. Ta yi godiya ta tafi.

A cikin kwanakin nan Baba yana wani aiki a ɓoye a bayan shago. Ni kaɗai ya nuna wa. Doguwar sandar dafawa ce, ya yi ta da katakon da ya daɗe yana ajiya yana cewa ba na sayarwa ba ne, ya goge ta sumul don kada ta soki tafin kowa, ya sa maƙeri ya yi mata ƙafafun ƙarfe da za a ɗaure a bango. Ya ce ba zai yiwu 'yar kafinta ta riƙa sa mutane dafa kujera ba. Za mu je da safe kafin ta zo, ta shigo ta tarar an gama. Na yi murna ƙwarai, don ni ma ina son a ce da ni aka yi. Mai Aski ya ce shi zai kai mu a motarsa, da ma bayansa yana damunsa, in ta zo sai ta duba shi.

Mun tarar da wurin jira a cike. Na shiga ina taku irin na ƙanwar mai gida. Mai Kati tana fama da waya a kunne da mutane a gabanta, na ce mata kayan mai gashin ƙashi muka kawo. Ta nuna lungu da biro, ta ce mai safe ya tashi da wuri yau, mu ajiye a ciki. Na ɗauka wani ma'aikaci take nufi, har na ce a raina ga wani malalacin. Kafin in wuce na ja hankalinta cewa kofunan shan ruwa sun ƙare, ya kamata a riƙa lura. Ta dube ni daga sama har ƙasa, ta ci gaba da wayarta.

Baba ya ja layi da fensir, ya jona injin huda bango. Bangon nan kuwa, bayansa ɗakin da likitar take duba marasa lafiya ne. Bai kai rabin ramukan ba aka turo ƙofa. Wata mata ce gajeruwa, abin sauraren ƙirji a wuyanta, farar ƙura a kafaɗarta. Ta gaishe shi da ladabi, ta tambayi wanda ya sa shi wannan aikin. Baba ya kashe injin ya ƙare mata kallo. Ya daɗe yana tara fushin ma'aikatan da ba su san mutane ba, ga shi Allah Ya kawo masa ɗaya har inda yake.

"Baiwar Allah, ni ne uban mai wurin nan. Ba na neman izini a gidan 'yata. Ki koma bakin aikinki, mutane suna jira."

Lungun ya cika da kawuna. Matar ta buɗe baki, ta dubi furfurarsa, ta dubi sandar da ke kwance a ƙasa, sannan ta rufe bakin. Yanzu na san a lokacin ne ta gane komai. A ranar kuwa na ɗauka tsoro ne ya kama ta, har na ji daɗi. Ta ce to, Baba, bari a kira ta. Ta sa Mai Kati ta buga waya, ta dawo ta tsaya a bakin ƙofa, don ba ƙirjin da za ta iya saurare a cikin wannan ƙarar.

Baba ya ƙarasa ramukansa. Mai Aski ya riƙe ƙarshe ɗaya, na riƙe ɗaya, ya ɗaure sandar, ya rataya a kanta da dukan nauyinsa ya gwada, ko motsi ba ta yi ba. Ya buga ƙusa guda a sama, inda za a rataya takardar. Da ya ga aiki ya yi kyau sai zuciyarsa ta yi sanyi, har ya ce wa matar kada ta damu, in 'yarsa ta zo zai sa baki, ba za a ɗauki mataki a kanta ba. Matar ta ce ta gode. Idan na tuna wannan godiyar, ko ni kaɗai ce a ɗaki sai na rufe fuska.

Ƙarar tayar akwati muka fara ji a lungu. Mutane suka dare. Ta iso tana haki, ɗankwali a karkace, katin sunanta a hannu saboda sabo. A nan ne idona ya kai kan ƙofa, na ga sunan da ke cikin gurbin ba nata ba ne, na wani namiji ne, mai safe ya tafi bai zare ba.

Baba ya ja gefe yana murmushi don ta ga sandar da kyau. Ta gani. Ta ga ƙura a ƙasa, ta ga ƙusa a sama, ta ga wadda ke tsaye a bakin ƙofa.

Likitar ta ce a hankali, "Mahaifinki yana jiran mai asibiti."

Yaya ta sunkuyar da kai. Wallahi na ga murmushin nan ya fara tasowa, wanda ya fitar da ita daga kowace tambaya tun tana yarinya, na ji kamar in shaƙe ta. Amma ranar wanka ba a ɓoye cibi. Wannan karon ba wanda ya zaɓar mata amsa. Likitar tana jira, Baba ma yana jira, murmushin ya mutu a hanya.

"Baba, ba nawa ba ne. Nata ne." Muryarta ta fito kamar ta wata. "Ɗakin nan kaɗai nake haya, shi ma rabin yini. Kuma babban asibiti ba ni na bari ba, sallamata aka yi."

Baba bai dube ta ba. Bangon ya duba, ya daɗe yana dubansa. Ya ajiye sukudireban da ke hannunsa a hankali. Sannan ya cire hularsa, tsoho mai ciwon gwiwa, ya durƙusa a gaban matar da ya kora zuwa bakin aikinta, a gaban Mai Aski da duk kawunan da ke lungu.

"Ranki ya daɗe, na yi miki tsawa a cikin gidanki, na huda miki bango. Ki yafe mini."

Likitar ta rikice, ta kama hannunsa tana roƙonsa ya tashi, ta ce shi uba ne, bai yi mata komai ba. Ta ce sandar ma ta yi kyau, a bar ta, za su san yadda za su yi da mai safe. Baba ya ce a'a, abin da aka kafa ba izini ba ya zama. Ya fara kwancewa, kuma kwancewar ta fi ɗaurewar daɗewa, don ya ɗaure ne da niyyar har bayan ransa. Yaya ta matso za ta riƙe masa ƙarshen sandar, ya ce wa Mai Aski ya riƙe. Ya zare ƙusar, ya cike ramukan da abin cike rami da ke cikin akwatin kayan aikinsa, ya shafe kowanne da babban yatsa. Ya roƙi Mai Kati tsintsiya. Na miƙa hannu in karɓa ya hana ni, ya sunkuya ya share ƙurarsa da kansa. Ramukan sun cike, amma sun bar jerin tabo masu haske a jikin fenti.

Yaya ba ta biyo mu ba, tana da marasa lafiya a kan benci. Daga baya ta gaya mini ta zura sunanta a ƙofa, ta yi aikin yinin nan gaba ɗaya ta juya wa bangon baya. Mu kuwa muka kama hanyar gida, sandar ta leƙo ta tagar mota. Mai Aski, wanda ko a gidan rasuwa ba ya rasa abin faɗa, titi kawai ya zuba wa ido, ya manta ma da ciwon bayansa. Ni kofunan ruwa nake ta tunawa, ina ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Baba bai yi faɗa ba, da ya yi da abin ya fi sauƙi. Washegari ya rufe shago ya bi layi gida-gida. Duk wanda ya taɓa yi wa alfahari ya same shi ya gyara maganar: 'yarsa ba ta da asibiti, ɗaki take haya a asibitin wata, shi ne ya yi azarɓaɓi. Ko a wuri ɗaya bai ce ta ruɗe shi ba. Wasu suka ce ai ba komai, haya ma arziki ce, wasu suka jira ya wuce suka yi dariyarsu. Ya dawo ya buɗe shago, ya jingina sandar a can ƙurya.

Likitar ba ta kore ta ba, ko maganar ba ta sake tayarwa ba, kuma wannan karamcin ya fi komai yi wa Yaya nauyi. Ta daɗe ba ta bi ta wurin jira ba, ta ƙofar baya take jawo akwatinta a kan tsakuwa. Ni kuwa na same ta har gidanta na sauke mata duk abin da ke cikina. Na ce ta sa tsoho ya durƙusa a gaban jama'a, ta mai da ni abin dariya, duk a kan abin da ba laifi ba ne, ba sata ba ne, ba bara ba ne. Ta bar ni na gama.

"Ya yi kuka ranar nan, ya kira Umma," ta ce. "Ke da kin iya?"

Na ce da na iya, kuma gaskiya ne, da tun a bakin ƙofa na faɗa. Sai dai ni ba wanda ya taɓa yin kukan farin ciki a kaina, don haka ban san nauyinsa ba. Wannan ban gaya mata ba.

Ta ci gaba da zuwa gaishe da Baba kamar da. Yana amsawa, yana tambayar mijinta da yara, yana cin abin da ta kawo masa. Wanda ya gani daga waje ba zai ce wani abu ya canja ba. Ita ce ta canja. Ta tilasta wa kanta amsa tambaya da baki, tana yi tana tuntuɓe kamar marasa lafiyarta masu koyon tafiya. Ta riƙa kawo masa labarin da bai ma tambaya ba: wane ya daina zuwa, rana kaza ba ta samu kowa ba, mai safe ya tsayar da ita a lungu har ƙafarta ta yi tsami. Shi kuma ya ce to, Allah Ya kyauta. Ta ɗauka miki yana warkewa, ni ma haka na ɗauka.

Bayan watanni mai gwajin kunne ya samu wuri a wata unguwa ya tashi. Likitar ta kira Yaya ta ce in tana so ta riƙe ɗakin yini cikakke. Ta kuma ɗage mata sharaɗin, ta ce ta rataya takardarta, a kafa sandar nan, kuma tana so Baba ne zai kafa ta da hannunsa. Ina shago ranar da Yaya ta zo da labarin, kuma ban taɓa ganinta haka ba. Ta tsaya a gabansa kanta a ɗage, ta zayyana komai daki-daki. Har yanzu haya ce, har yanzu ɗaki ɗaya ne kusa da banɗaki, amma yanzu nata ne daga safe zuwa yamma, kuma an ba da izini. Ba ta rage ba, ba ta ƙara ba.

Baba yana goge ƙafar wani tebur, ya saurare ta har ƙarshe. Ya ce madalla, Allah Ya sa albarka. Ya hure ƙurar da ke kan katakon. Sannan ya yi magana, ba da fushi ba, ba kuma da nufin ramuwa ba.

"Kira mini mai asibitin, in ji daga bakinta."

Yaya ta tsaya kamar ba ta ji ba. Can ta buɗe jaka ta lalubo waya, yatsun nan da suke tayar da shanyayyen hannu suka kasa samun lambar sai da ta sake. Ta miƙa masa da hannu biyu. Ya gaisa da likitar, ya nemi afuwar damunta, sannan ya fara tambaya ɗaya bayan ɗaya: yini cikakke ne, an yarda a huda bango, ita ce da kanta ta ce ya zo. Yaya tana tsaye a cikin dusar katako tana ji ana tabbatar da kowace kalma da ta faɗa, hawaye suna sauka, ba ta share ba.